Babi na Bakwai: Wa Zai Ɗauki Nauyin Shekara Uku?

Lissafin da ke gaban matashin da ya shiga Jamus neman mafaka ba mai wuya ba ne, da ka ma ana iya yin sa. A shekarar 2024 doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da Yuro 12.41 a awa ɗaya. Wanda ya samu aikin jera kwalaye a sito ko wanke-wanke a gidan abinci, in yana yin awa 40 a mako, zai tashi da sama da Yuro 2,000 a wata kafin a cire haraji da kuɗin inshora. Sa'ansa da ya shiga koyon sana'a a wannan shekarar kuwa, mafi ƙarancin abin da doka ta ce a ba shi a shekarar farko Yuro 649 ne. Kamfanoni da yawa suna biyan fiye da haka, har matsakaicin alawus ɗin a inda ake bin yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago ya ɗan haura Yuro 1,100. Amma duk ta inda aka ɓullo, na sito ya fi mai koyo kai kuɗi gida, kuma haka za su tafi har wajen shekara uku.

Sai bayan nan ne reshe ke juyewa. A Jamus, cikin mutanen da ba su da takardar shaidar wata sana'a, kusan ɗaya cikin biyar ba shi da aiki. Cikin masu takardar kuwa, kimanin uku ne cikin ɗari. In kasuwa ta ja baya, mai jera kwali ake fara sallama, kuma albashinsa na shekara ta goma bai cika nisa da na shekarar farko ba.

Babu jami'in ba da shawara da bai san waɗannan alƙaluma ba, kuma da wuya a samu matashin da ba a karanta masa su ba. Duk da haka da yawa sukan zaɓi sito. Masu tsara shirye-shirye sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin rashin sani, sai su ƙara buga takardun wayar da kai. Ni a ganina yaron ya san abin da yake yi sarai. Abin da aka kasa gani shi ne ba shi kaɗai ke yanke shawarar ba. Kwantiragin koyon sana'a mutum biyu ke sa masa hannu, maigida da mai koyo, amma akwai na uku da ba ya cikin takarda: iyalin da za su haƙura da kuɗin har tsawon shekara uku.

A 2015 mutum wajen 890,000 suka shiga Jamus neman mafaka, akasarinsu daga Siriya, Afganistan da Iraƙi, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na masu neman mafakar ba su kai shekara 30 ba. A ƙarshen watan Agusta na shekarar ne shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta ce ƙasar za ta iya da wannan nauyi. Jamusawa suna da abin tunawa. Lokacin da suka kwaso ma'aikata daga Italiya tun 1955, da Turkiyya tun 1961, sun ɗauka baƙi ne da za su yi 'yan shekaru su koma, don haka ba wanda ya damu da koya musu harshe. Da yawa ba su koma ba, kuma 'ya'yansu ne suka biya farashin sakacin. Sai a 2005 aka soma darussan Jamusanci na bai-ɗaya ga baƙi. Wannan karon, ga kuma shagunan masu sana'a suna kukan rashin yaran koyo, gwamnati ta yanke cewa babbar ƙofar da za a tura matasan ita ce koyon sana'a.

Tsarin da suke kira Ausbildung haka yake tafiya: matashi zai yi kwana uku ko huɗu na mako a bakin aiki, sauran kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a ta gwamnati. Sana'o'in da hukuma ta amince da su sun haura 320, tun daga gyaran mota, gashin burodi, aikin famfo da na lantarki, har zuwa aikin banki da na ofis. Koyon kan ɗauki shekara biyu zuwa uku da rabi. Jarrabawar ƙarshe ba maigida ke shirya ta ba, majalisar 'yan kasuwa ce ko ta masu sana'ar hannu, kuma takardar da suka bayar tana ci a ko'ina cikin ƙasar.

Bahaushe ba baƙon wannan hanya ba ne. Uba kan kama hannun ɗansa ya kai shi garejin makaniki ko shagon tela ya ce ga amana, yaro ya fara da shara da aike har ranar da za a yaye shi. Inda muka rabu da su shi ne a wurinmu aikin hannunka ke ba da shaidarka, a wurinsu takarda ce. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kwance inji a Halab ta Siriya, in ya zo ba takarda, ɗan taimako ne a idon kamfani. Tun 2012 akwai dokar da ta ba baƙo damar a auna takardun ƙasarsa da na Jamus, amma a ƙarƙashin wannan dokar wanda ya koya a bakin gareji ba shi da abin da zai kai a auna.

Inda ake faɗuwa

Mutane kan zaci samun gurbi ne babbar wahala. A 2023 gurabe sama da 73,000 suka rage ba kowa a cikinsu. Wahalar tana cikin zama har ƙarshe. Ko a tsakanin 'yan ƙasa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kwantiragin koyo kan mutu kafin wa'adi, balle wanda bai fi shekara biyu da fara jin harshen ba.

Mu ɗauki yaron da ke koyon gyaran mota. A gareji ba shi da matsala, sau ɗaya ake nuna masa abu ya kama, sau da yawa ma ya fi 'yan ƙasar zafin nama. Ranar makaranta ce ranar baƙin cikinsa. Darasin gwamnati da ya yi, awa 600 na harshe da 100 na sanin doka da tarihin ƙasa, an tsara shi ne ya kai mutum matakin B1, wato ya iya cefane, ganin likita da hira da maƙwabci. Littafin makarantar sana'a kuwa an rubuta shi ne don wanda aka haifa cikin harshen. Tambayar lissafi ɗaya kan zo cikin jimla mai layi huɗu, aikatau yana can ƙarshe, a tsakiya ga kalma guda da aka ƙulla daga kalmomi uku. Yaron ya iya lissafin, amma kafin ya gano abin da ake tambaya lokaci ya tafi. Ga darasin tattalin arziki da zamantakewa, wanda shi ma yana cikin jarrabawar ƙarshe. Ga kundin da dole ya riƙa rubuta abin da ya koya a ciki, maigida ya sa hannu, wanda in babu shi ba za a bar shi ya zauna jarrabawa ba. In kuma a wani ƙauyen Bavariya ya samu gurbi, maigidan da karin harshen yankinsu yake ba da umarni, abin da ba a taɓa koya masa a aji ba.

Sannan akwai ƙananan ƙa'idojin da ba wanda ke faɗa saboda kowa ya ɗauka an san su. In ba ka da lafiya, da sassafe za ka buga waya, ba da azahar ba. In ciwon ya wuce kwana uku, sai da takardar likita. In ba ka fahimci umarni ba, ka ce ba ka fahimta ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin yaranmu da na Gabas ta Tsakiya, domin an tarbiyyantar da su cewa sake tambayar babba rashin kunya ne. Sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce to, ya je ya ɓata aiki, maigida ya yanke cewa ko dai raini ne ko daƙiƙanci. Watannin gwaji, daga ɗaya zuwa huɗu, ana iya sallamar mutum a cikinsu ba tare da an ba shi dalili ba. A ƙara da cewa mai koyon burodi da zai tashi ƙarfe biyu na dare yana iya kasancewa a ɗaki ɗaya da mutum uku a gidan 'yan gudun hijira, waɗanda a lokacin ne hirarsu ta yi daɗi.

Abin da ya fi magance irin wannan, a iya fahimtata, ba ajin koyon rubuta takardar neman aiki ba ne. Mutum ɗaya ne da zai tsaya tare da yaron. Wata ƙungiyar tsofaffin ƙwararru mai hedkwata a Bonn ta kafa shiri mai suna VerA, inda ake haɗa mai koyo da dattijon da ya yi ritaya, su riƙa zama lokaci-lokaci su bi darasi, in rigima ta taso da maigida dattijon ya shiga tsakani. Akwai kuma watannin share fage da hukumar samar da aiki ke tallafawa, inda yaro ke aiki a kamfani kafin kwantiragi, kowa ya ga kamun ludayin kowa. Tun 2016 majalisun masu sana'a suka ɗauki jami'ai na musamman da ke zaunar da ƙananan kamfanoni su warware musu sarƙaƙiyar takardun baƙi, domin mai gidan burodi da ma'aikata shida ba shi da lauya.

Takardar zama

Duk wannan bai da amfani in ana iya tasa ƙeyar yaro a tsakiyar koyo. Dokar da ta fara aiki a watan Agusta na 2016 ta kawo abin da ake kira uku da biyu: wanda aka ƙi ba shi mafaka, in ya shiga koyon sana'a, za a ɗage korarsa har ya gama, in ya samu aiki a sana'ar a ba shi izinin zama na shekara biyu. In koyon ya lalace, yana da wata shida ya nemi wani gurbi, sau ɗaya tak. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kowace jiha da yadda take fassara shi, Bavariya kuwa ta yi suna wajen tsanani. Ranar 31 ga Mayu, 2017, 'yan sanda suka shiga wata makarantar sana'a a Nuremberg suka fito da wani ɗalibi ɗan Afganistan domin a mayar da shi. 'Yan makarantar suka zauna a kan titi suka tare motar, aka yi arangama, labari ya karaɗe ƙasa. Shekara guda bayan haka, a jihar Baden-Württemberg inda aka zaunar da 'yan Gambiya masu yawa, masu kamfanoni da kansu, ciki har da Antje von Dewitz ta kamfanin Vaude, suka haɗa kai suna neman a bar musu ma'aikatan da suka horar. Hujjarsu ba ta tausayi ba ce kawai: gwamnati ce ta roƙe su su ɗauki yaran, sun kashe kuɗi da lokaci, yanzu kuma ana kwashe su.

Nan ne batun ya taɓa namu kai tsaye. 'Yan Najeriya kaɗan ne ake amince wa da mafaka a Jamus, don haka ga mafi yawansu koyon sana'a na cikin 'yan ƙofofin da suka rage na zama bisa doka. Amma shekaru da dama darussan harshe na gwamnati an keɓe su ne ga 'yan ƙasashen da ake ganin za su samu mafaka, irin su Siriya da Eritiriya, sai a ƙarshen 2022 aka buɗe wa kowa. Ɗan Gana kuwa nasa ya fi muni, domin Jamus ta sa ƙasarsa cikin jerin waɗanda take ɗauka lafiya lau, kuma wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe ya nemi mafaka bayan watan Agusta na 2015 an hana shi aiki gaba ɗaya. Ga kuma tarkon fasfo: ba a ba da kariyar sai mutum ya tabbatar da ko shi wane ne, alhali fasfon da zai miƙa shi ne abin da hukuma ke jira ta sa shi a jirgi. Wanda zai bi wannan hanya, lauya ko ofishin ba da shawara ga matasa baƙi ya kamata ya fara gani kafin ya taka ofishin shige da fice.

Gida

Yanzu mu koma kan mutum na uku. Yaron da ya ƙetara sahara ko teku ba da kuɗinsa ya zo ba. An sayar da shanu, an jinginar da gona, ko an ci bashin dangi. Hirar da ake yi a waya ranar hutu, da Larabci ne, da Farisanci ko da Hausa, kusan iri ɗaya ce.

"Ɗana, shekara biyu ke nan kana can, har yanzu makaranta?"

"Umma, ba makaranta ba ce kawai, sana'a nake koya. In na gama..."

"Allah ya taimaka. To amma mai gona ya sake aikowa, kuma ka san jikin babanka."

Ba ta ce ya bari ba, ba kuma za ta taɓa cewa ba. Washegari yaron zai wuce ta gaban ofishin 'yan kwangilar leburori da ke ɗaukar mutum a yau ya fara gobe. Akwai tallafin kuɗi da hukuma ke ba mai koyon da ke zaune shi kaɗai, amma an auna shi ne da haya da abincin mutum ɗaya. Babu layin da aka tanada a fom ɗin don uwa da ƙanne biyar a wata nahiya.

Iyalin da suka zo tare kuwa tasu matsalar daban ce. Uban da yake da kantin magani a Dimashƙa bai ratsa teku don ɗansa ya zama mai gyaran famfo ba. A inda ya fito, aikin hannu na wanda boko ya ƙi ne, jami'a ita ce mutunci. Sai ya matsa wa yaron da ya zo yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bi hanyar jami'a, a ɓata shekaru, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Cibiyoyin KAUSA, waɗanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ɗauki nauyinsu, sun gane cewa iyaye ne ya kamata a fara shawo kansu. Sukan shirya musu zama da harshensu, su kawo wanda ya bi hanyar ya yi bayani da bakinsa. Hujjar da ta fi shiga kunnen irin wannan uba ita ce koyon sana'a ba ya rufe ƙofar jami'a: wanda ya ci gaba har ya kai matsayin babban gwani yana da damar buɗe nasa kamfanin, yana kuma da damar shiga jami'a ko da bai yi babbar jarrabawar sakandare ba. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Ryyan Alshebl, wanda ya gudo daga Siriya a 2015, ya koyi aikin mulki a ofishin wani ƙaramin gari, a 2023 kuma mutanen Ostelsheim suka zaɓe shi magajin gari yana da shekara 29.

A irin wannan gida akwai wani nauyin da ba a cika lissafawa ba. Yaron da ya fi kowa jin Jamusanci shi ne tafintan gidan. Shi zai raka uwa asibiti, ya raka uba ofis, ya karanta kowace wasiƙa. Kowace rakiya fashin makaranta ce ko na aiki, maigida kuma yana ƙirgawa. Koya wa uwa harshe, ashe, yana cikin shirya ɗanta ga aiki.

Maganar mata ita ce inda tsarin ya fi gazawa. Binciken cibiyar nazarin ƙwadago ta IAB ya nuna cewa cikin waɗanda suka zo a 2015, kusan biyu cikin uku suna da aiki bayan shekara tara, abin da ya kusa kamo na sauran jama'ar ƙasar. Amma in aka raba, maza wajen uku cikin huɗu ne, mata kuwa kimanin ɗaya cikin uku. Raino ne babban dalili, da ƙarancin gurbi a gidajen renon yara, da kuma mazan da ba sa son a fita. A unguwar Neukölln ta Berlin, tun 2004 ake horar da mata 'yan asalin baƙi su riƙa shiga gidaje, da jan gyalensu da jakar takardu, su zauna da uwa 'yar'uwarsu su yi magana kan makaranta, lafiya da haƙƙin yara. Abin da jami'in gwamnati ba zai iya faɗa a ofis ba, mace mai jin harshen gidan takan faɗe shi a kan shayi. Doka ma ta yarda a yi koyon sana'a na rabin yini saboda masu goyo, sai dai kamfanonin da ke karɓar haka ba su da yawa.

Kada kuma a ɗora wa iyali laifin duka. A 2014 wata majalisar masana kan ƙaura ta aika takardun neman gurbin koyo iri ɗaya sak, sunaye kawai aka sauya. Mai sunan Jamusawa kan samu kira bayan takarda biyar, mai sunan Turkawa sai bakwai. A 2016 wata mai bincike, Doris Weichselbaumer, ta yi irin wannan gwaji da hoton mace ɗaya: da sunan Jamusawa an kira ta a kusan kashi 19 cikin 100, da sunan Turkawa ƙasa da 14, da sunan Turkawa da ɗankwali kuwa kashi 4 da ɗan ɗoriya. Babu darasin da za a koya wa yarinya ya gyara wannan. A nan mai ɗaukar aikin ne ke bukatar a shirya shi.

A watan Oktoba na 2023 ministan ƙwadago Hubertus Heil ya fito da sabuwar manufa ta hanzarta tura 'yan gudun hijira aiki da zarar sun ɗan iya harshe, sauran su koya a bakin aiki. Ga magidanci ɗan shekara arba'in da biyar, wannan shawara ce mai ma'ana. Ga ɗan shekara goma sha tara kuwa ina da ja, domin ofishin gwamnati ya koma tura shi inda bashin gida ke tura shi tun farko. Alƙaluman masu aiki za su yi kyau da farko, amma ƙasar da ke kukan rashin ƙwararru za ta wayi gari da ƙarin leburori.

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a can, tambaye shi ko ya sa hannu a kwantiragin koyon sana'a, da shekarar da zai zauna jarrabawar ƙarshe. In ya ce eh, ku zauna a gida ku yanke abin da zai iya aikowa a wata ba tare da ya bar koyon ba, ku faɗa masa adadin da bakinku, ku kuma nemi masu bin bashi su ƙara wa'adi zuwa wannan shekarar. Shi ba zai iya buɗe baki ya roƙi wannan sauƙi ba, sai ku kun fara.